Zanen Uwani a Kaset ɗin Mutari

Akwai wani tela a bakin kasuwar Tasawa, Mutari sunanshi. Ku da kuka san garin a shekarun baya, lokacin da soji suka sake karɓe mulki, damina kuma ta ɗauke tun gero bai fidda kai ba, wataƙila kun taɓa zama a rumfarshi. Ɗinkin nashi dai ga shi nan, ba yabo ba fallasa. Bakinshi ne ke tara mashi jama'a.

Mutari gwanin kwaikwayo ne. In ka wuce ta gabanshi sau ɗaya, ya ɗauke tafiyarka. In ka yi magana, ya ɗauke muryarka har da gyaran muryar da kake yi. Ana fama da tsadar hatsi, amma duk wanda ya zauna wurinshi sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Yau da gobe yabo ya hau mashi kai, ya fara jin Tasawa ta yi mashi kaɗan.

Yana da aboki, Gajere, mai wata tsohuwar kamarar bidiyo ta gwanjo da yake ɗaukar biki da suna da ita. Rannan Mutari ya ce mashi:

"Gajere, mu ma mu yi fim mana. Masu yi ɗin nan ba kai biyu gare su ba."

"Fim ɗin mi?"

"Na dariya. Tsohuwa ce mai dogon hannu. Ta shiga mangaza, ɗakin ajiyar hatsi, ta cika zanenta da gero, ta fito tana taƙama, gero na zuba, kaji na bin ta. Mutane na cikin yunwa, bari su yi wa yunwar dariya."

Gajere ya ce wace mace ce za ta yarda ta yi wannan a gaban kamara? Mutari ya bugi ƙirji ya ce shi ne tsohuwar.

Saura kayan sawa. Ya koma gida da hantsi, ya tarar matarshi Zara'u ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta. Bai jira ta ba, ya buɗe akwatinta. Can ƙasa ya ga wani tsohon zanen saƙi, baƙi mai ratsin fari, an yi mashi faci da jan ƙyalle a gefe guda. Ya san zanen sarai. Na surukarshi ne, Uwani, mahaifiyar Zara'u. Da Zara'u za ta dawo daga wankan gida, uwar ta ba ta shi don ta riƙa goyon jaririya.

To bari in gaya maku wace ce Uwani, don a nan maganar take.

Tana zaune a wani ƙauye bayan Attantane, cikin ƙasar Mayahi. A shekarar nan an kawo wa ƙauyen hatsin taimako, aka zuba a mangazar gari. Maza suka yi ta rigima a kan wa zai riƙe mabuɗi, wannan ya ce bai yarda da wancan ba. Ƙarshe gari duka ya taru a kan mutum ɗaya, Uwani. Ita ke buɗewa, ita ke auna wa kowane gida da tiya, kuma ba a taɓa jin an ce tiyar wani ta fi ta wani cika ba. Tana da ɗingishi a ƙafar hagu, sai ta ja ƙafar sannan ta dafa ƙugu.

Mutari bai taɓa kallon idonta ba, bai taɓa kiran sunanta ba. In suka haɗu a hanya, takalmi yake cirewa ya durƙusa a gefe har ta wuce. Ladabin surukuta kam, ya iya shi. Sai dai idon nan nashi na ɓarawon tafiya ya riga ya ɗauke tafiyarta tuni.

Mutari ya ɗauki zanen, shi da Gajere suka je wata tsohuwar mangaza ta ƙasa a bayan gari, da rana tsaka, iska na kaɗawa. Mutari ya ɗaura zane, ya ɗaura kallabi, ya gwada tafiyar tsofaffi iri-iri. Gajere ko murmushi bai yi ba. Sai Mutari ya ja ƙafar hagu, ya dafa ƙugu. Gajere ya fashe da dariya har kamara na neman kuɓuce mashi.

"Wannan! Wallahi wannan ita ce. Ina ka samo ta?"

Zuciyar Mutari ta ce mashi kul. Ya ce da ita, wa zai sani? Suka ɗauka.

Suka sa kaset a tele, wato talabijin. Hoton sai rawa yake yi, wasu layuka na gilmawa daga ƙasa zuwa sama. Rana ta haske komai, fuskar Mutari ta zama wani dunƙulen inuwa a ƙarƙashin kallabi. Sauti kuwa kada ka so ka ji. Iska ta cika shi da fuuu, ga wani jaki da ya sa su gaba da kuka, muryar Mutari kamar daga cikin rijiya. Duk barkwancin da ya zuba, da ƙyar kake tsintar kalma ɗaya cikin goma.

"Mutari, wanga abu bai yi ba," in ji Gajere. "Bari in kai kamara Maradi a goge mata kai, mu sake ɗauka da sanyin safiya."

"Haba Gajere! Wa zai kalla? Ba 'yan ƙauye ba ne? Su da in sun ga abu na motsi cikin tele ya ishe su. Ina suka san hoto mai kyau? Buga kawai."

"Ko fuskarka ba a gani."

"An san ni ko a duhu."

Gajere ya haɗa injin bidiyo biyu ya fara kwafa. Wanda ya saya ya kwafa wa wani, wancan ma ya kwafa wa wani. Wanda ya san kaset ya san halinshi: duk kwafi sai ya ci wani abu daga hoton. Mutari ya wanke hannu, ya mayar da zane akwati, ya koma rumfa yana karɓar gaisuwa. A Tasawa an yi dariya, don kowa ya san shi ne.

Kafin kaset ya kai ƙauyukan Mayahi, ya zama jikan jikan na asali. Farkonshi, inda Mutari ke ɗaura kallabi yana gaida masu kallo, injin wani ya tauna shi an yanke. Ƙarshenshi, inda kallabin ke faɗuwa a ga gemu, wani ya hau shi da ɗaukar kokowa ya goge shi. Abin da ya rage tsakiya ce tsagwaronta: mace ba fuska, ba murya, ta waiga dama ta waiga hagu, ta shige mangaza ta fito da gero.

Ranar kasuwar Attantane, wani mai tele da batir ya kewaye rumfa da zana ya sa kaset ɗin. Shi kanshi bai san wasa ba ne. Ya tsaya a bakin rumfa yana shela:

"Ku zo ku ga ɓarauniyar hatsi da kamara ta kama!"

Kada ku yi saurin cewa mutanen wawaye ne. Finafinan da suka saba gani na Indiya ne da na 'yan Sin masu faɗa. A saninsu, in ka ga Bahaushe ɗan'uwanka a tele, to labaru ne, abin da ya faru ne. Mangazar ƙasa kuwa duk kamarsu ɗaya.

Mutanen ƙauyen Uwani da suka zo cin kasuwa suka shiga. Hoto ya dushe, amma jan facin nan ya ƙi dushewa, yana nan jawur a gefen zane. Matar ta ja ƙafar hagu, ta dafa ƙugu. Wata mata ta dafe ƙirji ta ce:

"La ilaha illallahu! Wannan ba Uwani ba ce?"

Mutari bai san wainar da ake toyawa ba sai bayan mako uku, da Ƙadri, yayan Zara'u, ya yi sallama gidanshi da azahar, ƙafa duk ƙura, ido jawur. Ko ruwan da aka kawo mashi bai sha ba.

"Zara'u, an karɓe mabuɗi daga hannun Inna. An ce ɓarauniya ce."

Ya kwashe labarin kaset ya faɗa. Mutari na zaune a kan tabarma, ya ji kamar an kwara mashi ruwan sanyi.

"Maigari Alkasim ya kira ta gaban dattawa," in ji Ƙadri. "Ta ce ba ta taɓa ɗaukar ƙwayar gero ba. Aka ce to ta kawo zanen a gani. Ta ce ba ya ɗakinta. Aka ce yana ina? Ta yi shiru. Sau uku ana tambayarta, ta duƙar da kai. Ni kaina na roƙe ta, ta ƙi. Wasu na cewa a kira jandarma, maigari ne ke danne su, kuma kun san zamanin da muke ciki, in maganar hatsin taimako ta kai can ba a dawowa da daɗi."

"Tana cin abinci?" in ji Zara'u.

"Wane abinci? Ta daina zuwa karɓar rabonta. Ta ce ba ta tsayawa a layi ana nuna ta da baki. Ganyen jiga take dafawa. In na kai mata nawa, sai ta ba jikoki." Ya cije leɓe. "Wallahi in na san wanda ya ƙulla wanga abu, sai dai a raba mu."

Da aka kira la'asar, Ƙadri ya fita masallaci. Mutari ya miƙe zai bi shi, Zara'u ta ce ya dakata. Ta jawo akwati ta buɗe, ta fiddo zanen. Ninkin ba nata ba ne. Ta warware shi, sai ga ƙwayoyin gero suna zubowa a kan tabarma.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi mashi sauƙi.

"Uban yarinya, kai ne?"

"Wasa ne, Zara'u. Wallahi wasa ne. Hoton ne ya lalace, ba a ga..."

"Hoton ne ya koya maka tahiyarta?"

Ba ta jira amsarshi ba, ta ci gaba:

"Ka san inda ta samo ɗingishin nan da ka mayar abin dariya? Shekarar babbar yunwa ina jaririya, ta goyo ni da wanga zane tun daga ƙauye zuwa nan Tasawa, don an ce ana rabon dawa. Wurin hawan kamiyo, babbar motar da ta kawo dawar, aka ture ta. Da ta ga za ta faɗo ta baya a kaina, sai ta murɗa jiki ta faɗa a kan ƙafarta. Ba a samu mai ɗori ba sai bayan kwana huɗu. Ni ce ɗingishin nan, Mutari."

Ya sunkuyar da kai, gumi na tsattsafo mashi.

"Kuma kada ka yi zaton ba ta sani ba. Da hannunta ta ɗaura mani zanen nan. Ta san gidan da yake, ta san sana'ar bakin mai gidan. In ta ce yana wurin ɗiyata, an gano ka. A ce surukin Uwani ya ɗaura zanen mata, ya yi wa uwar matarshi tsiya duniya na kallo. Ƙadri ba zai bar ni in ƙara kwana nan ba. Shi ya sa ta zaɓi a kira ta ɓarauniya."

Kunya ta kama Mutari, irin wadda mutum ke so ƙasa ta tsage ya shige. Amma ɗan Adam, sai da ya nemi hanya mai sauƙi. Ya ruga wurin Gajere ya ce ya ba shi kaset na asali, mai farko da ƙarshe, a aika ƙauye su gani, shi ke nan ba sai ya je ba.

Gajere ya sosa ƙeya. "Kaset na wuya, Mutari. Na hau shi da bikin ɗiyar wani alhaji tun makon jiya."

"Duka?"

"Duka. Ai na ce maka mu sake ɗauka."

Ya bi mutum uku a Tasawa da suka sayi kwafin farko. Ɗaya ya yi tafiya Agadas da nashi, ɗaya ya ba aro an rasa wa, na ukun ya sayar. Ba shaidar da ta rage sai shi kanshi.

Washegari da safe suka hau motar kasuwa, shi da Zara'u da goyonta da Ƙadri. Zanen na cikin wani ƙunshi a cinyar Mutari. Ƙadri bai san komai ba tukuna, har godiya yake mashi da ya bar aikinshi ya zo.

Suka isa da hantsi, ranar rabo ce. Gari duka na gaban mangaza. Maigari Alkasim da kanshi ke awo, ana ta gardama, wannan na cewa an tauye mashi. Mutari ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, na zo da magana. Matar da kuka gani a kaset, ba tsohuwarmu ba ce. Ni ne. Wasan kwaikwayo ne muka yi a Tasawa."

Gunaguni ya tashi. Maigari ya ajiye tiya ya dube shi da tausayi.

"Yaro, Allah ya yi maka albarka. Suruki na gari haka yake yi. Amma mun gani da idonmu. Mace muka gani, kai kuwa ga ka da gemu."

"Rufin asiri ne!" wani ya ɗaga murya daga baya. "Sun shirya a gida!"

Mutari ya kwance ƙunshi ya ɗaga zanen. Aka ce to, zane ya fito, amma tafiyar fa? Duk ƙasar nan mutum ɗaya ke wannan tafiya.

Nan ya gane abin da ya rage mashi. Ya waiga. An riga an kira Uwani, tana tsaye can nesa gindin wata bishiyar bedi, ta rame har wuyanta ya fito, Zara'u na gefenta. Ga kawunnan matarshi, ga gwaggwanninta, ga mutanen da suka karɓi goron aurenshi, duk sun zuba mashi ido. Mutumin da ko abinci ba ya ci a gabansu.

Ya miƙe. Ya ɗaura zanen a kan wandonshi, jan facin ya faɗo gefe. Ya cire hula, ya ɗaura kallabi. Ya waiga dama, ya waiga hagu, yadda ya yi a kaset. Sannan ya ja ƙafar hagu, ya dafa ƙugu, ya taka daga bakin mangaza zuwa tsakiyar fili.

Tafiyar da ta sa Gajere ya kusa yar da kamara, tafiyar da Tasawa ta yi wa dariya. Ko yaro ɗaya bai yi dariya ba. Ba ka jin komai sai jan ƙafarshi a kan rairayi. Taku goma ne ko sha biyu, amma ya ce bai taɓa tafiya mai nisanta ba.

Matar nan da ta fara kiran sunan Uwani a rumfar kallo ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

"Shi ne. Wayyo ni, shi ne. Uwani, ki yafe mani."

Kawuna suka sunkuya ko'ina, don ba Mutari kaɗai kunya ta kama ba. Shekara nawa suna tare da matar nan, amma hoto maras fuska ya fi ta gaskiya a wurinsu.

Ƙadri ya zabura zai yi kan Mutari. Uwani ta kira sunanshi sau ɗaya, ya tsaya cak yana huci.

Maigari Alkasim ya ciro mabuɗi daga aljihu. Bai aika kowa ba, da ƙafarshi ya taka har gindin bedi, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Uwani, mun zalunce ki. Mi ya hana ki faɗa?"

"Maigari, wa zan kira?" in ji ta. Ta karɓi mabuɗi ta ƙulle a bakin mayafi.

Mutari na nan tsaye a tsakar rana da zane da kallabi, ya rasa ta inda zai fara kwancewa. Ya durƙusa daga nesa yana so ya ba da haƙuri. Uwani ba ta dube shi ba, don ba a taɓa yi ba. Ta juya ga ɗiyarta ta ce a hankali, amma kowa ya ji:

"Ki ce wa uban yarinya ya cire, ya isa haka nan. Ki kai shi zaure, rana ta yi zahi."

Aka ci gaba da rabo, Uwani na awo, gardama ta mutu. Da aka gama, maigari ya sa aka auna mata rabonta na mako uku da ba ta karɓa ba.

Mutari na zaune a zauren gidan surukai shi kaɗai, ba wanda ya shigo gaishe shi. Can ya ji daka a cikin gida. Yana jiran a aiko mashi da saƙon ya tafi ya bar masu ɗiyarsu, kuma ya san in an yi haka ba a zalunce shi ba.

Bayan azahar Zara'u ta shigo. Yarinya na bayanta, an goya ta da baƙin zanen nan mai jan faci. A hannunta ƙwarya ce rufe da faifai. Ta ajiye a gabanshi ta buɗe. Fura ce, sabon damu, daga geron farko da ya shiga gidan cikin mako uku.

"Ita ta sha?" in ji Mutari.

"A'a. Ta ce a fara kawo wa baƙo. Ta ce kuma in mun tashi mu kama hanya da wuri, kada motar Tasawa ta bar mu."

Ya ɗauki ludayi ya kai baki, hawaye na ɗiga cikin ƙwaryar. Mutumin da ya ba ni labarin nan ya ce Mutari ya rantse mashi, da dukan Ƙadri da furar nan, da an ba shi zaɓi, dukan zai ɗauka.

Darasi: Kada ka sayi dariya da mutuncin wani, don ba ka san tarihin abin da kake yi wa dariya ba, kuma wataƙila wanda kake tozartawa shi ke rufa maka asiri. In za ka yi aiki ka yi shi da kyau, kada ka raina masu kallo, don abin da ya bar hannunka ba ka da iko da inda zai sauka. Mu kuma masu kallo, yau da hoto ke yawo a waya fiye da yadda kaset ya yi, kada guntun bidiyo ya rushe mana shaidar da muka yi wa mutum shekara da shekaru. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman gwanayen barkwancin nan na cikinmu, ko Allah ya sa wani ya tsaya ya yi tunani kafin ya ɗaura zanen da ba nashi ba.